Ranar da Aka Kwashe Kasuwa a Buhu

Haladu, na ga kakin ya karɓe ka, har tafiyarka ta sake. To, tun da bakin iyaka aka tura ka aiki, zauna in ba ka wani misali kafin gugar rigar ta baje.

An yi wani mutum da aka ba tsaron shinge tsakanin garinsu da ƙasar da ke maƙwabtaka da su. Shingen ba wani abin kirki ba ne, igiya ce da ganga biyu a gindin wata tsamiya. Garin kuwa kasuwarsa ce ransa. Mutanen ƙetare su kawo kanwa da dabino da awaki, su koma da gero da tumatir da atamfa. A kasuwar nan uwar mutumin take da rumfa. Tsohuwa ce mai daddawa, da daddawar ta rene shi tun rasuwar ubansa, kuma har ya yi gemu tukunyar gidansu ba ta hawa wuta sai ta yi ciniki.

Shi dai ba ɓarawo ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Cutarsa guda ce: yana son a jira shi. Yana da wani ƙarfe mai tsini mai rami a ciki, irin na 'yan hatsi. Kowane buhu sai an sauke, ya soka, ya duba, ya sansana. In takardar mutum ta cika, ya ce hatimin ya karkace. Ya tafi sallar azahar, sai la'asar a gan shi. Tumatir ya narke a kwando, awaki su galabaita, mai kaya ya isa kasuwa ya tarar ana sharar rumfuna. Uwar ta sha ce masa ba a ɗaure hanya, shi kuwa ya ce aikinsa yake yi. Sannu a hankali ƙafar mutanen ƙetare ta ɗauke, sai ɗai-ɗai, waɗanda ba su da yadda za su yi.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, lokacin da kowa ke taka inuwarsa, sai ga ayari ya fito daga cikin gari ya nufo shingen. Jakuna ne niƙi-niƙi da buhuna, da mutane masu dogayen riguna, sun ja rawani har ido. Bai ga shigarsu ba, alhali ba mai shiga garin sai ta gabansa. Ga shi ba ƙarar kofato, ba sawu a ƙasa, ko ƙuda ɗaya ba ya bin jakunan. Gabansa ya faɗi, amma hali zanen dutse. Ya ja igiya, ya ce a sauke. Suka sauke, ba musu, ba roƙo.

Ya soka ƙarfen a buhun farko. Ko tsaba ɗaya ba ta zubo ba, sai wani amo siriri da ke fitowa ta ramin ƙarfen. Ya kara kunne, sai ya ji hayaniyar kasuwa. Ga saran mahauci a kan gungume, ga kalangu, ga mai cewa albarka, ga mai cewa na sallama. Ya soka na biyu, haka. A wani ɗan ƙaramin buhu, a kan jakin ƙarshe, ya ji muryar uwarsa tana kiran mai saye, har da ɗan tarin nan da take yi in ta ɗaga murya. Ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa.

Dama tsofaffi suna cewa kasuwa ba ta ci sai mutanen ɓoye sun zo cinta, kuma inda ƙafa ta yawaita can suke bi. Nan ya gane ko su wa ya tsare, da abin da suka ɗauko. Ya zube ƙasa, yana rantsuwa daga yau ba zai ƙara zaunar da kowa ba, su dai su mayar. Suka ɗaure kayansu a natse. Igiya na nan a miƙe, ba wanda ya taɓa ta, sai kawai ya gan su a ɗaya gefen. Na ƙarshensu ya waiwayo ya ce, "Mun daɗe muna jiranka. Yanzu kai ka jira."

Ya ruga kasuwa. Rumfuna na nan, 'yan gari na zaune gaban kayansu, amma tsit kamar gidan makoki. Mutum ya ɗauki abu zai taya, sai ya ajiye ya wuce. Uwarsa na zaune da faifan daddawa a gabanta, ko guda ba ta ragu ba. Ta ɗaga kai ta dube shi. Tun daga wannan rana, kasuwar ba ta sake ci ba. An yi saukar Alƙur'ani, an yanka sa, an sauya mata rana, duk a banza. Wani ƙauye kuwa can ƙetare, wanda da ko tsire ba a yi a cikinsa, in iska ta juyo har hayaniyar cinikinsa ake jiyowa.

Mutumin ya kwance igiyar da hannunsa, ya mirgine gangunan gefe, ya koma yana yafito duk wanda ya hango daga nesa. Ba mai zuwa, har ciyawa ta rufe hanyar. Tsohuwa ta rame, ta daina barci saboda tunanin abin da za a ɗora gobe. Shi ma yana zaure idonsa biyu, yana jin juye-juyenta a tabarma, kunnensa ɗaya na kan hanya. Wallahi ina tausayinsa, don ba wanda zai kai ƙara.

Saboda haka, Haladu, ka duba abin da aka ce ka duba, ka sallami mutane da sauran rana a gabansu. Hanya ita ke ciyar da gidan mai tsaronta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan da ya hana uwarsa barci, shi ma ba zai runtsa ba.