Mai Kitson da Ta Ɗaure Bakin Ɗanta

Kin ce in koya miki yadda jariri zai riƙe robar tsotso ya daina tofar da ita. Zan koya miki, 'yata, amma sai kin fara jin abin da ya sami wata mai kitso, wadda ta fi ni iya wannan dabara nesa ba kusa ba.

Matar nan hannunta yana da kyau, duk unguwarsu ba mai kama ƙafarta a shuku da kalaba. Ta haifi ɗanta na fari, namiji, da ta gama wankan jego ta koma sana'a, sai ta sayo masa robar tsotso. Da farko yaron ya ƙi, ya riƙa turo ta da harshe. Ita kuwa mai haƙurin tsefe kai ce. Takan bari sai ya sha nono ya ƙoshi, ta ɗiga ɗan nonon a kan robar, ta shafa masa a leɓe har ya buɗe baki don kansa. In ya fara tsotsa, ta ɗan ja ta baya kamar za ta ƙwace, shi kuma ya ƙara damƙewa. Da haka ya saba, kuma har nan ba ta yi laifin komai ba. Laifinta ya soma ne ranar da ta gane abin nan yana kashe kuka kamar yadda ruwa ke kashe wuta, ta daina tambayar abin da ya kunna wutar.

Ana nan aka tashi wani babban biki a unguwar, tsakiyar damina. Amarya da ƙawayenta da dangin ango suka cika mata rumfa, gashin tsifa ya bazu ko'ina a tabarma. Yaron yana kwance a gefe, an sa masa safa saboda sanyin ruwa. Da hantsi ya tsala wani irin kuka mai tsini wanda bai taɓa yi ba. Nan take ta juya gare shi, don uwa ta san kukan ɗanta. Ta ba shi nono, ya ƙi kamawa. Ta taɓa kunzugunsa, a bushe yake. Ta sa masa roba, ya tofar. Ta mayar, ya sake tofarwa. Ga kan amarya a tsakanin gwiwoyinta, rabi a kitse rabi a tsefe, ga masu jiran layi sun fara tsaki. Wata daga dangin ango ta ce, "Haba Anti, rigima ce kawai irin ta 'ya'yan fari. Toshe shi mu samu mu tafi." Maimakon ta ce amarya ta jira, sai ta yagi ƙyalle ta zura a zoben robar, ta ɗaure masa ta ƙeya. Linzami fa ke nan, a bakin ɗan mutum wanda bai cika wata uku a duniya ba! Wallahi ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma a cikin matan nan, har da masu jikoki, ba a sami ɗaya da ta ce kul ba. Shewa suka yi, suna yaba dabara. Yaron yana ta harba ƙafa ɗaya, hawaye na gangara cikin kunnensa, su kuwa suna dariya wai da ganinsa ɗan ƙwallo zai zama. Da ƙarfinsa ya ƙare ya yi laƙwas yana ajiyar zuciya, uwar ta ce alhamdu lillahi, ya haƙura.

Da yamma aka yi ruwa, ga gajiya, sai ta ce a bar wanka sai gobe, ta goge masa fuska da wuya kawai. Gari na wayewa wasu matan suka sake sallama, kuka ya dawo, ƙyalle ma ya dawo. Sai da uwar mijinta ta shigo ta tarar da jikanta a ɗaure, jikinsa zafi rau, ta fizge ƙyallen ta tuɓe shi za ta yi masa wanka. Tana zare safa ta saki salati. Ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi baƙi kamar nunanniyar ɗinya. Silin gashi ɗaya tak ne ya shiga safar ya naɗe yatsan, duk harbin da yaron ya yi yana ƙara shaƙe shi, har ya nutse cikin nama. Mai kitso ta ɗora hannu a ka tana cewa ita ba ta sani ba. Tsohuwar ta dube ta ta ce, "Ai ya faɗa miki. Da wane bakin kike so ya faɗa, bayan wanda kika ɗaure?" Aka ruga asibiti, aka cire gashin, amma yatsan ya riga ya mutu, dole aka yanke shi. Abin da allura da hasken rana za su raba cikin ƙiftawar ido, da an duba.

Kitson amarya bai yi wata ba aka tsefe shi. Yaron kuwa yanzu har ya shiga makaranta, kullum uwarsa ce ke wanke masa ƙafa, ba ta taɓa gamawa idonta a bushe ba.

To ga dabarar, kin ji ta duka. Ki ba shi robar in ya ƙoshi, yana cikin lafiyarsa, barci kawai yake nema. In ya tofar ya sake tofarwa, kada ki yi gardama da shi, ki ajiye abin da ke hannunki ki tuɓe shi, ki duba tun daga maɗiga har yatsun ƙafa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.