Kanwata

"Saura gwaji ɗaya, Hajiya," in ji mai gyaran kwamfuta. "In kika sake kuskurewa, ta kulle ke nan."

Yayana ne ya harhaɗa kwamfutar nan daga tarkacen kasuwar Ogbete ta Inugu, shi ya sa babu manhajar da ta yarda ta zauna a kanta. Tun safe mai gyaran yake fama, ya zare wannan ya soka wancan, sai da la'asar kwamfutar ta tashi. Ga shi tana neman kalmar sirri, kuma tun da muka binne Yaya, a cikinta kaɗai muryarsa ta rage.

A asibiti Yaya ya ce min, "Sunan da nake kiranki ne."

Na sa mai gyaran ya lalubo haruffan Hausa. Sau biyu na rubuta ƙanwata da lanƙwasarta tsaf, sau biyu ta ƙi.

Na runtse ido ina salati, sai na tuno kiransa daga ƙofar gidanmu na unguwar Asata. Ni goyon Kano ce, shi kuwa a Inugu ya tashi, harshensa bai taɓa iya "ƙa" ba. Kullum sai na harare shi: "Ni kanwa ce, da za ka jefa a miya?"

Na rubuta yadda yake faɗa, babu lanƙwasa.

Allon ya buɗe. Mai gyaran ya yi hamdala, ni ko na kifa kaina a teburin. Wallahi da zai sake kirana haka, da gudu zan amsa.