Tsirkiyar Yara

Babana makaɗin jita ne, kuma tsirkiya mai kauri kaɗai yake ɗaura mata. Siririya ta yara ce, in ji shi.

Wani yammaci ina ƙarami na raka shi shagon abokinsa a unguwar Moursal. Ya ce a ba shi siririya.

Mai shagon ya kwashe da dariya. "Kai, Sale! Goyo ka koma?"

Baba ya miƙa hannun hagu, yatsun suna rawa, ƙunshin tsirkiyar ya suɓuce ƙasa. Dariyar ta tsaya.

"Ɗauko," ya ce mini. "Kada uwarka ta ji."

Siririyar ma ta gagare shi dannawa. Bai ga damina ba.

Jitar tana ɗakina har yau, tsirkiyar ta yi tsatsa. Ni ban iya kaɗawa ba, amma ba mai canja ta.