Na'ura Ta Goma Sha Ɗaya

Hamisu ya buɗe baƙin allon kwamfutarsa, ya rubuta umarni, jerin naɗe-naɗen jiya ya zubo. Guda goma sha tara. Goma sha huɗu daga na'ura ɗaya suke.

"Lamba goma sha ɗaya kuma," ya ce, ya ja tsaki.

Shi ya rubuta manhajar da ƙungiyarsu ke amfani da ita wajen rajistar masu karɓar irin gero da gyaɗa, daga Droum har Dakusa, har unguwannin cikin Damagaram. An raba wa wakilai na'urori talatin. Duk lokacin da manhajar ta tsaya cak, sai ta naɗi abin da ya faru, maɓalli bayan maɓalli. Aikin Hamisu ya duba naɗin, ya goge na banza, ya ɗora masu amfani zuwa rumbun babban buro, wato ofishinsu na Yamai. Lambobi kawai jerin ke nunawa. Sunayen wakilai suna can Yamai.

Naɗin lamba goma sha ɗaya bai taɓa ɗora shi ba, bai kuma goge ba. Ajiye shi yake don nishaɗi.

Hamisu a Dakar ya yi karatu, kuma ba ya bari a manta. Da Faransanci yake gaisuwa. Idan aka tambaye shi unguwarsu sai ya ce, "Can cikin gari," ya sauya magana. Idan wayarsa ta yi ƙara da wata lamba da ya sani, sai ya kife ta a kan tebur.

Ya kunna naɗin yau, ya kira abokan aiki su zo su sha kallo. A kan allon, wakilin yana ƙoƙarin rubuta sunan wata Sumayya. Duk harafin da ya danna, sai na kusa da shi ya biyo. Ya goge, ya sake. Manhajar ta tsaya. Ya buɗe ta daga farko. Minti tara a kan suna ɗaya.

"Ku duba, don Allah," in ji Hamisu. "Wannan da kofato yake rubutu!"

Aka yi dariya, ban da Zuliha, wadda ke zaune kusa da shi tana kula da na'urorin.

"Mushe Hamisu," ta ce, da kiran girmamawa na Faransanci da yake so, "maɓalli biyu yake dannawa tare, manhajar kuwa ba ta jure wa haka. Layi uku za ka gyara. Kuma ka lura, mutumin nan bai taɓa barin suna bai gama ba."

"Manhajata lafiyarta ƙalau. Hannun ne ba na rubutu ba."

Ranar Laraba takarda ta zo daga Yamai. Me ya sa manhajar ke yawan tsayawa a Damagaram? A turo shaida kafin Jumma'a. A makon ne kuma za a zaɓi shef, wato shugaban sashe, kuma Hamisu ya riga ya ɗinka kwat.

Bai ɓata lokaci ba. Ya zaɓi naɗe-naɗen na'urori ashirin da tara, ya goge su da umarni ɗaya. Ya tattaro na goma sha ɗaya, su ɗari da shida. Ya haɗa da bayani: laifin na wakili ne, bai cancanci riƙe na'ura ba, a karɓe ta, a kuma nuna naɗin a taron horo don wasu su ga yadda ba a aiki.

"Aikin mutum za ka raba shi da shi," in ji Zuliha. "Ko kira ba za ka yi ba, ka ji dalili?"

"Na ga dalilin. Sau ɗari da shida na gan shi."

Ya danna. Lambobi suka fara hawa. Ashirin. Saba'in. Ɗari da shida. Abin da ya shiga rumbun Yamai ba ya gogewa daga nan, Hamisu da kansa ya tsara haka.

Sai rumbun ya turo shaidar karɓa, kamar yadda yake yi, da sunan mai na'urar a layin ƙarshe. Hamisu ya matso yana murmushi, don ya san wanda zai ambata a taro.

Malam Habu, magatakardan manoman Kara-Kara: mahaifinsa, wanda kuturta ta bar wa yatsu uku.