Ɗigon Mutum a Gindin Kwazazzabo

Ɗayyabu, tun da na ce hotunan nan naka da sauran gyara na ga ka haɗe rai, kana tattara su kamar na ce zan ƙwace. Ajiye su tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani mai ɗaukar hoto a Agadas wanda Allah Ya jarabce shi da son wani kwazazzabo a cikin duwatsun Azbin, tafiyar kwana uku a raƙumi daga inda mota take tsayawa. Wuri ne da ruwa ya tsaga dutse tun zamanin da ba wanda ya sani, jan bango ta nan, jan bango ta can, sai ka dafe hula kafin ka hango ƙarshensu. Duk shekara in sanyi ya shigo sai ya tafi, shi da wani abokinsa mai raƙuma da suka tashi tare. Abokin ne ke jan akala, shi ke nemo ruwa, shi ke dafa shayi, amma ko maɓallin kyamara bai taɓa dannawa ba. Shi kuwa mai hoton yana da wata ɗabi'a, ba ya son ganin mutum a hotonsa. Kafin ya danna sai ya sa an ja raƙuma bayan dutse, har sawun ƙafa yake sharewa da reshe. Maganar da abokin ya fi ji daga bakinsa ita ce, "Matsa, kana ɓata mini hoto."

A shekara ta goma sha biyu, da suka dawo aka wanko hotuna, ya baje su a tabarma gaban jama'a yana jiran yabo. Abokin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce sun yi kyau, amma shi bai ga wurin da suka je ba. Ya ce, "Wannan ai kamar zaizayar bayan gari ce. Wanda bai je ba, da me zai auna? Ka bar mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa, dutsen ya sami girmansa." Gaskiya ce tsirara, ita kuwa ɗaci gare ta. Mai hoton ya murtuke, ya ce ya gane, so ake a shiga hotonsa a raba suna da shi, in ba haka ba yaushe mai jan raƙumi ya san hoto? Abokin ya shanye shayinsa, ya sa takalmi, ba da daɗewa ba ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu.

Shekara bakwai mai hoton yana zuwa kwazazzabon shi kaɗai da raƙumin haya. Ya sami abin da yake so, ba kowa, ba sawu. Ya dafa shayi ya zuba a kofi ɗaya, in ya yi tari dutse ya maido masa da tarinsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, amma girman kai ya hana shi aikawa a kira mutumin. Ya canza kyamara, ya gwada hasken hantsi, ya gwada na la'asar. In ya dawo mutane su duba su ce Masha Allah, su wuce. Ba wanda ya ƙara gaya masa inda ya gaza, don an ga yadda wanda ya faɗa ya ƙare.

Ana nan sai wani mai buga kalanda ya zo wurinsa daga Kano neman hoton hamada. Ya juya hotunan nan kaf, bai tsaya a kan ko ɗaya ba. Har ya miƙe, sai idonsa ya kai kan wani kwali a ƙarƙashin tebur, inda ake jefa waɗanda suka lalace. Ya tona, ya zaro wani tsoho. Ranar da aka ɗauke shi abokin bai yi saurin matsawa ba, ga shi can ƙasa ya juya baya, akala a hannu, bai kai ƙwayar gero ba. Bisa kansa kuwa bangon dutsen ya tashi, ya yi ta tashi, har gaban mai kallo ya faɗi. Baƙon ya ce ai wannan shi ne kwazazzabo, sauran duk rami ne.

Washegari mai hoton ya ɗauki hoton ya kama hanyar ƙauyen, yana shirya kalmomin neman gafara. Ya tarar an binne mutumin tun daminar bara. Matarsa ta amsa gaisuwa daga bayan ƙyaure, ta ce tun da sun yi shekaru suna tafiya tare, ko zai taimaka mata da hoton marigayin, jikokinsa su san fuskarsa? Ya laluba aljihu, ya laluba zuciyarsa. Shekara goma sha biyu mutum yana bin mai hoto, ba shi da hoto ko ɗaya sai wannan, shi ma ƙeya ce.

To, Ɗayyabu, maido su nan mu sake dubawa tun ina da idon gani. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.