Gona Ta Huɗu

Dakta Badaru ya ba hoton farko maki saba'in, ya jefar da shi kan tebur, ya miƙa hannu a ba shi na biyu.

Zaman ma haushi yake ba shi. Shi da ya karanto noma a Turai, wai Malama Furera ce kwaleji ta sa ta duba ma'aunin da ya tsara na ba ɗalibai maki a gonar gwaji. Matar da ko Kaduna ba ta taɓa wucewa ba! Ita kuwa ta rubuta ƙiri-ƙiri cewa ma'aunin zai kayar da duk ɗan ƙauyen da ya iya noma.

Sai kwamiti ya yanke hukunci: ta kawo hotunan gonaki biyar ba suna, ya auna su, a gwama makinsa da amfanin da kowacce ta bayar da kaka. In sun dace, ma'auninsa ya zauna, kujerar shugaban sashe ta zama tasa. In sun saɓa, ya rasa duka biyun.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Albashi ba ya kai goma ga wata, manyan malamai sun koma shan garin kwaki. Gidan Dakta ne kaɗai tuwon gero bai taɓa yankewa ba, don duk kaka ana aiko masa da buhuna daga ƙauye, yakan kuma ce wannan tsari ne, ba sa'a ba. Ƙauyensu na wajen Tofa kuwa, rabonsa da shi shekara goma sha ɗaya, don warin taki na tayar masa da zuciya.

Hoto na huɗu ya sa shi ƙyalƙyala dariya. Gero, dawa, wake da gyaɗa duk a cakuɗe, ga wani ƙaton gawo a tsakiya ba a sare ba. Shuka iri ɗaya: sifili. Tazarar awo: sifili. Takin zamani: sifili. Ya ba gonar maki tara na tausayi, ya rubuta da jan biro, ya kuma karanta da ƙarfi don kowa ya ji: "Jahilci tsagwaronsa. Mai wannan gona ko akuya ba zai iya ciyarwa ba."

Da aka gama, shugaban kwamiti ya buɗe ambulan ya karanto amfanin gonakin. Ta huɗu ta fi sauran nesa ba kusa ba.

Dakta ya buga tebur. "Ƙarya ne! A kawo mini mai gonar in gan shi da idona."

"Tun hantsi yake kan benci a gindin taga, ya ma ji ka," in ji Furera. Ta tashi ta buɗe ƙofa, ta durƙusa har ƙasa.

"Baba Nababa, bismilla shigo. Ɗanka ya gama duba gonarka."