Tsohon Rauni a Goshin Auta

Likita ya juyo musu da fuskar kwamfuta. Uwar Auta ta matso da kujerarta. Lauya ne ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Auta, ko alƙali zai sassauta masa, bayan ya karya wa wani makanike hannu a kan 'yar gardama. Karo na huɗu ke nan yana ji wa mutum ciwo.

"Kun ga nan?" Likita ya nuna da biro. "Wannan ɓangaren ne ke taka wa fushi birki. Jijiyoyin da ke haɗa shi da sauran ƙwaƙwalwar sun yi rauni."

Uban ya dubi matarsa. "Ai na sha gaya miki. Haka aka haife shi, ba imani, ba tausayi."

"A'a, Baba, ba da shi aka haife shi ba. Tsohon rauni ne, tun yana ƙarami. Ga tabon tsagewar ƙashi a goshi. Wani abu mai nauyi ne ya buge shi."

Uban ya yi sororo. "Yaushe? Ni ban taɓa ji ba."

Uwar ta tuna ranar sarai: maigida ya yi tafiya, yaron ya fasa mata madubi, dutsen guga yana hannunta.

Auta na zaune da ankwa, ɗan sanda a bayansa. Ko kallonta bai yi ba.

"Daga kan tsani na faɗo, likita."

Ba ƙari ba ragi, yadda ta koya masa shekara ashirin da suka wuce.